Dalar da ba ta shiga aljihu

Kowa cikinmu ya san dala. Yaro ma da bai shiga lakwal ba ya san dala biyar, ya san dala goma, ya san in dala ta kai ashirin an samu na ƙosai. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar inda kalmar ta fito. Masana harshe suna danganta ta da wani kwari a ƙasar Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, mai suna Joachimsthal, inda aka fara buga wata babbar tsabar azurfa wajajen shekarar 1520. Jamusawa suka gajarta sunan ya koma taler. Daga nan dalar Amurka ta samo suna, daga nan kuma azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasar Hausa, ta samo nata. A can arewacin Turai, a ƙasar Suwed, wadda wasu ke ce ma Suwidin, kalmar ta zama daler. Sun buga tasu ta farko a 1534.

Wanga zumunci na suna shi ya fara jawo hankalina ga tarihin kuɗin Suwed. Da na shiga ciki sai na tarar da wata dala mai nauyin da ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga, da kuma wata dalar da ba ta kai giram goma ba, kuma ƙasa guda ta buga su duka, tazarar shekara saba'in kawai. Abin da ya haifi ta farkon yaƙi ne, abin da ya haifi ta biyun ma yaƙi ne. Shi ya sa na ga ya dace in kawo labarin cikin wanga ɗan littafi namu, don mu da ke kwana muna gardamar kuɗi a fada muna da abin tsinta a ciki.

Bari in fara da wani abu da ya faru tun kafin jan ƙarfe ya shigo zancen. A ƙarni na 16, in yaƙi ya matsa kuma soja na jiran albashi, masu buga kuɗi ba su da lokacin gyara tsaba ta yi kewaye sumul. Sai a daddatse ƙarfen da almakashi, kusurwa huɗu, a danna hatimi, a tura fagen daga. Irin waɗannan su ake kira klipping, wato yankakke. A 1567 sarki Erik na 14, wanda tunaninsa ya fara rikicewa, ya sa aka kashe wasu manyan gidan Sture a garin Uppsala. Da ya dawo hayyacinsa sai ya aika ma uwar gidan, Märta Leijonhufvud, da azurfa a matsayin diyyar mijinta da ƴaƴanta. Matar ta karɓa ta ajiye. Shekara na zagayowa ƙannen sarkin, Johan da Karl, suka yi mashi tawaye, sai ta ɗauko azurfar ta ba su. A garin Vadstena aka yayyanka ta aka buga kuɗin da aka biya sojan da suka tuɓe Erik a 1568. Har yau sunan tsabar nan yankakkun jini. Diyyar da ya biya da hannunsa ita ta sayi faɗuwarsa.

Yanzu ga jan ƙarfe. Suwed ba ta da azurfa mai yawa, amma Allah ya ba ta dutsen Falun, mahaƙar da a ƙarni na 17 ake ƙiyasta tana fitar da kusan kashi biyu cikin uku na jan ƙarfen Turai. A 1613 ta gama wani yaƙi da Danmak ba tare da nasara ba. Danmak ta riƙe ganuwar Älvsborg, wadda ita ce ƙofar Suwed ɗaya tilo zuwa tekun yamma, ta ce ba ta saki sai an biya fansa ta riksdaler miliyan ɗaya, na azurfa, cikin shekara shida. Aka ɗora ma kowa haraji na musamman, aka ciwo bashi wajen ƴan Holan, aka sayar da jan ƙarfe waje don a samo azurfa. Aka biya, a 1619 aka gama. Amma azurfar ƙasar ta tsiyaye.

Sarki Gustaf Adolf na da matsala biyu. Ba azurfar da za a buga kuɗin kasuwa, kuma in aka zuba jan ƙarfe da yawa a kasuwar Amsterdam farashinsa zai faɗi. A 1624 aka samo dabarar da ake ganin za ta kashe matsalolin biyu: a mai da jan ƙarfen kansa kuɗi. Mutane za su samu abin ciniki, kuma duk ƙarfen da ke yawo cikin gida bai je waje ya karya farashi ba. Sai dai a wancan zamani ƙa'idar ita ce tsaba ta ɗauki ƙimarta a jikinta. In an rubuta dala guda, to a samu ƙarfen dala guda a ciki. Jan ƙarfe kuwa ya fi azurfa araha nesa ba kusa ba, don haka dole kuɗin ya yi girma.

Ya ko yi girma. A 1644, zamanin sarauniya Kiristina, gidan buga kuɗi na Avesta ya fara fitar da kuɗi a siffar allo. Ku kwatanta allon makaranta, amma na jan ƙarfe zalla, da hatimi a kusurwoyi huɗu da ɗaya a tsakiya. Hatiman kusurwa don kada wani ya gutsure gefe ya ce haka ya same shi. Mafi girmansu na dala goma ne, nauyinsa kilo 19,7. Bidon na lita ashirin cike da ruwa ke nan. Shi ne ake lissafawa cikin tsabar kuɗi mafi nauyi da aka taɓa ciniki da su a duniya. Ƙananan, na dala ɗaya, biyu, huɗu, aka ci gaba da buga su har 1776. Wanda zai biya babban bashi sai ya nemi amalanke. Mai karɓar haraji sai ya yi tunanin dawakin da za su ja abin da ya karɓa.

Kafin mu yi masu dariya mu tuna kakanninmu. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, dalar azurfa guda tana canjuwa a kan wuri kamar 2500. Mai sayen doki sai ya nemi masu ɗauka da masu ƙirga. Duk inda kuɗi ya zama kaya, ciniki yakan gaji, kuma mutane sukan fara neman hanyar da za su huta.

A Stokholm wanda ya kawo hutun sunansa Johan Palmstruch, ɗan kasuwa haifaffen Riga. Ya samu izinin sarki ya buɗe banki, Stockholms Banco, wanda ya fara aiki a 1657. Ka kai allunanka a ajiye maka, ka huta da ɗauka. Shi kuma bankin yana ba da rance daga abin da aka ajiye. A 1660 gwamnati ta rage nauyin sababbin alluna. Nan take tsofaffin suka fi daraja, tunda ƙarfensu ya fi yawa, kowa ya sheƙo yana son a ba shi nasa na da. Bankin kuwa ya riga ya ranta su. Don ya fita kunya, a 1661 Palmstruch ya fara ba mutane takardu bugaggu, masu sa hannu da hatimi, waɗanda duk mai riƙe da su zai iya kawowa a ba shi ƙarfe. Su ne ake ɗauka a matsayin takardun kuɗi na farko a Turai.

Mutane suka so su ƙwarai. Wa zai ƙi takarda a aljihu ya zaɓi kilo ashirin a ka? Amma buga takarda ba ya buƙatar mahaƙa, ba ya buƙatar maƙera. Bankin ya yi ta bugawa yana rantawa har takardun suka fi ƙarfen da ke cikin ɗakin ajiya. Da mutane suka farga suka dawo da takardunsu, babu abin ba su. Cikin ƴan shekaru bankin ya durƙushe. A 1668 aka yanke ma Palmstruch hukuncin kisa, daga baya aka sassauta ya koma ɗauri, aka sake shi, ya rasu a 1671. A wannan shekara ta 1668 aka kafa sabon banki, aka sa shi ƙarƙashin majalisar ƙasa maimakon hannun sarki. Shi ne Riksbank na yau, babban bankin ƙasa mafi tsufa da ke aiki har yanzu. Ku riƙe wannan batu na majalisa, zai dawo.

Sai zamanin Karl na 12, wanda a kayen tarihinmu na faransanci muka sani da Sharl. Ya hau mulki a 1697 yana ɗan shekara 15, wato bai kai yawancinmu ba. A 1700 Danmak da Rasha da sarkin Polan suka haɗa kai suka auka mashi. Yaron ya ba su mamaki, a Narva ya tarwatsa rundunar Rasha da ta ninka tasa. Nasara ta yi mashi daɗi, ya ƙi tsayawa. Ya yi shekaru yana yaƙi a Polan, sannan ya kutsa Rasha, har 1709 da sarki Bitrus ya karya shi a Poltava. Ya gudu ƙasar Usmaniyya, ya zauna can shekara biyar yana ƙoƙarin zuga sarkin Musulmi na Istambul ya yaƙi Rasha. A can ma bashi ya yi ta ci, har wasu masu binsa bashin suka biyo shi Suwed suka zauna shekaru suna jiran a biya su. A gida kuwa annoba ta 1710 ta kashe kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen Stokholm, gonaki ba maza, baitulmali ba komi.

A ƙarshen 1715 ya taka ƙasarsa. Duk mai hankali zai ce lokacin sulhu ya yi. Shi kuwa sabuwar runduna yake so, ya auka ma Norwe. Da mi za a biya ta? Nan aka fito da abin da suka kira kuɗin larura. Ƴar ƙaramar tsabar jan ƙarfe, ba ta kai giram goma ba, aka rubuta mata dala ɗaya ta azurfa. A lokacin allon dala ɗaya ya fi rabin kilo. Ke nan ƙarfen da ke cikin sabuwar tsabar bai kai ko kusa da abin da aka rubuta a kanta ba. Sauran ƙimar duka alkawari ne: kaɗan za a buga, na ɗan lokaci ne, in ƙura ta lafa za a karɓa a ba ka kuɗin ƙwarai.

Da farko abin ya tafi. Gwamnati na karɓarsu a haraji, don haka ɗan kasuwa ma ya karɓa. Amma yaƙi rami ne da ba ya cika. Aka ƙara bugawa, aka sake ƙarawa. Daga 1715 zuwa 1719 an fitar da iri goma, jimilla kamar miliyan 42. Ana yawan canza zanen don a sha gaban masu jabu, tunda duk maƙerin da ya samu jan ƙarfe kaɗan zai iya ƙera dala. Rubuce-rubucen da ke kansu su suka fi ba ni tausayi. Ta 1716 an rubuta mata da latinanci Publica Fide, wato bisa amanar jama'a. Ta 1717 tana cewa hankali da makami. A 1718 aka jero gumakan Rumawa, Jupiter, Saturnus, Mars, Merkurius, Febus. Ta ƙarshe, ta 1719, sunanta Hoppet, wato fata.

Mutane ba wawaye ba ne. Duk wanda ke da azurfa ko tsohon allo ya ɓoye, ya riƙa biya da ƴan gumakan. Gwamnati ta mai da martani da doka: a kawo azurfa a karɓi sabon kuɗi, kada a fitar da ƙarfe waje. Manomi ya fara jan ƙafa wajen kawo hatsi kasuwa, don mi zai ba da abin da ake ci ya karɓi abin da ba ya saye? Farashi ya hau. Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ba shi da abin ɓoyewa, mai aikin yini, matar soja, bawan gida, waɗanda duk abin da aka miƙo masu dole su karɓa.

Mutumin da ke riƙe da harkar kuɗin sarki a lokacin Bajamushe ne, Georg Heinrich von Görtz, ministan ƙaramar daular Holstein. Masana tarihi da yawa na cewa ba shi ya fara kawo shawarar kuɗin larura ba, amma shi ake gani, kuma baƙo ne. Jama'a suka laƙaba ma tsabar suna gumakan Görtz. A ranar 30 ga Nuwamba 1718, bisa kalandarsu ta lokacin, harsashi ya samu Karl a ka yana leƙen ganuwar Fredriksten a Norwe. Cikin kwanaki aka kama Görtz. A Fabrairu 1719 aka sare kansa a Stokholm. Sarkin da ya ba da umurni aka binne shi da girma, har yau mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar birnin.

Alkawarin fa? A 1719 majalisa ta zauna ta ga ba yadda za a biya miliyan arba'in da wani abu. Aka yanke ƙimar kuɗin larura da rabi, kuma mafi yawan rabin ma da takardar bashi aka biya, ita tsabar ta koma ƴar canji. Sare kan Görtz bai mai da ma kowa ko sisi ba. A 1721 aka yi sulhun Nystad, Suwed ta rasa Estoniya da Liboniya da yankin da Bitrus ya riga ya gina birninsa na Petersburg. Abu guda da ƙasar ta tsira da shi: manyanta suka ce ba sa sake barin mutum ɗaya ya riƙe takobi da hatimin kuɗi tare. Suka rage ikon sarauta, mulki ya koma hannun majalisa na kusan shekara hamsin. Wannan ma bai hana su sake yin ɓarna da takardun kuɗi a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya ba, sai dai aƙalla ana yin gardamar a fili.

To mi ya haɗa mu da wannan duka, mu da ko ƙanƙara ba mu taɓa gani ba sai ta cikin firigo? Abin da ya haɗa mu shi ne duk kuɗin da ke aljihunmu yau ɗan gidan Görtz ne. Takardar jikka goma, in ka auna takardar kanta, ba ta sayen kofin shayi. Dalar ƙarfen ma haka. Duniya duka ta bar tsarin allo ta koma tsarin alkawari, kuma ba wanda ke son komawa ga amalanke. Amma Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Nauyin nan na kilo ashirin bai ɓace ba, ya tashi ne daga kan mai ciniki ya koma wuyan mai hatimi.

Mu ma mun san ranar da kayan ke faɗuwa. Iyayenmu suna ba da labarin Janairu 1994, da aka kwana faran ɗin Faransa guda yana sefa 50 aka tashi yana 100. Ba wanda ya shiga ɗakin kowa, amma magani da duk abin da ke zuwa daga waje sun tashi. Mu kanmu mun ga farkon 2023, da Najeriya ta canza takardun naira 200 da 500 da 1000 ta sa wa'adi. Kawuna dillalin awaki ne, rabin cinikinsa da naira yake yi, ba shi da asusu a banki ko nan ko can. Na gan shi zaune da damin tsofaffin takardu yana lissafin nawa ƴan canji za su zabtare kafin su karɓa. Ya sayar da su da hasara don tsoron kada su zama takardar ƙunsa ƙosai. Bayan ƴan makonni kotun ƙolin can ta ce tsofaffin na nan daram. Wanda ya saye su a hannunsa ya ci riba, shi kuwa awakinsa sun riga sun tafi. Da nake karanta labarin manomin Suwed na 1719, fuskar kawu nake gani.

Yanzu ko'ina ka zauna, a fada ko a harabar jami'a, zancen kuɗinmu na kanmu ake yi. Wasu na cewa ƙasar da ba ta buga kuɗinta ba ta gama samun ƴanci ba. Wasu na cewa a bi a hankali. Ni ina ganin masu maganar farko suna da hujja, kuma burin ya cancanci a yi shi. Abin da ke damuna shi ne gardamarmu takan tsaya a suna da hoto: mi za a kira shi, wa za a zana a kai, raƙumin dawa ko giciyen Agadas. Ƴan Suwed ma sun iya zane. Sun sa amanar jama'a, sun sa hankali, sun sa fata. Kuma suna da arzikin ƙasa, dutsen Falun na nan yana fitar da ƙarfe duk tsawon lokacin. Don haka in wani ya ce mana uraniyom da man fetur da zinariya kaɗai sun isa su tsare darajar kuɗi, sai mu tuna mashi da Falun.

Tambayoyin da nake so mu riƙa yi, mu da ake cewa manyan gobe, su ne waɗanda manomin can bai samu damar yi ba. Nawa za a buga, kuma wa zai faɗa ma jama'a adadin gaskiya? Ranar da baitulmali ya bushe kuma ga yaƙi, wa ke da ikon ce ma mai mulki a'a, ba a ƙara bugawa, kuma ya kwana gidansa lafiya? In abin ya karkace, wa zai ɗauki hasarar: mai gidaje da shanu da asusu a waje, ko inna mai adashi da ɗalibi mai jiran bursi? Waɗannan tambayoyi sun hau kan sefa ta yau kamar yadda suka hau kan duk kuɗin da zai gaje ta. Yin su ba rashin kishin ƙasa ba ne. Wanda zai zuba guminsa cikin takarda yana da haƙƙin sanin wa ke riƙe da hatimi.

Ƴan uwa masu karatun tattalin arziki, ku kuka fi mu sanin lissafin. Ina roƙon a fitowa ta gaba ɗayanku ya bayyana mana da Hausa, dalla-dalla, yadda babban banki ke yanke shawarar yawan kuɗin da zai saki, da abin da ke ɗaure mashi hannu. Mu na sashen tarihi mun kawo namu. In mun haɗa biyun, gardamar fada za ta fi ta jiya ma'ana.